Ladubban Wasan Kwaikwayo a Gem na Intanet: Tambayoyin da Sababbin 'Yan Wasa Suka Fi Yi a Sakkwato

Daga Mabera zuwa Runjin Sambo, duk inda samari suka taru a shagon caji ko a ɗakin wani mai kwamfuta, sai ka ji wani yana rantsuwa an kore shi daga "gari" na cikin gem alhali bai yi komai ba. In ka bi diddigi, ya yi. Bai dai san laifi ne ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi jefo mini tun da na fara koya wa sababbi wannan wasa na kwaikwayo da ake kira RP, wasu ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu yaran unguwa. Kowace saba, wato dandalin intanet da ake haɗuwa a yi wasan, da dokokinta, kuma nata ne ke aiki a cikinta, ba nawa ba. Abin da na rubuta al'ada ce da za ka tarar kusan ko'ina.

Wai mene ne RP ɗin nan, kuma me ya raba shi da Free Fire ko PUBG?

A Free Fire kana dira ne don ka gama da kowa ka rage kai kaɗai. A RP babu mai cin wasa. Mutum kake ƙirƙira, ka ba shi suna da sana'a da hali, sannan ka rayu a matsayinsa a gari ɗaya da wasu mutane na gaske, kowa da nasa. Wannan direban tasi, wancan likita, wancan ɗan sanda, wancan ɓarawon mota. Mutumin da ka ƙirƙira shi ake kira karakta, sabar kuwa 'yan wasa kan ce mata gari.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a yi shari'a har a ci tara. Kowa ya san wasa ne, amma ba mai cewa alƙali "kai ai ɗan gidan wane ne" a tsakiyar shari'a. Dandalin ne kawai ya canja. Mafi shahara yau shi ne GTA V, wanda ya fito a 2013, ta hanyar FiveM da ake ɗora masa a kwamfuta. Kamfanin Rockstar, mai GTA ɗin, ya ma sayi masu FiveM ɗin a 2023. Masu ƙaramar kwamfuta har yanzu suna nan a SA-MP, irin FiveM ɗin na tsohon GTA San Andreas na 2004. Masu waya, waɗanda su ne mafi yawa a Sakkwato, suna wasan Brookhaven a dandalin Roblox ko sabobin RP na waya.

Me ake nufi da IC da OOC da nake gani a dokoki?

IC maganar karakta ce a cikin labari. OOC maganarka ce, kai mai riƙe da waya. A inda ake wasa da rubutu, maganar OOC ana sa ta cikin baka biyu, kamar haka: ((netwok ɗina na rawa, a yi haƙuri)). A inda ake wasa da murya ba a so ka fasa labarin kwata-kwata, shi ya sa aka ƙirƙiro sakaya zance. Wanda gem ɗinsa ya tsaya sai ya ce kansa ne ke ciwo, wanda zai sauka ya ce zai je ya kwanta ko zai yi tafiya.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne zuciyarka ta yarda cewa abin da aka yi wa karakta ba kai aka yi wa ba. Na san abokai biyu 'yan layi ɗaya da suka yi kusan wata ba sa gaisawa, saboda ɗayan, yana ɗan sanda a gem, ya ƙwace wa ɗayan mota. Aikinsa ya yi. Da ya ƙyale shi don abota, shi ne zai zama mai laifi.

Na iske mutane suna tsakiyar wasansu a kan titi. Zan iya shiga, ko shiga sharo ba shanu ke nan?

Za ka iya, don wurin jama'a na jama'a ne. Amma yadda ba ka faɗa wa zauren mutum ba sallama, haka nan ma. Tsaya daga nesa kaɗan, inda kake jin su, ka saurara na minti ɗaya ko biyu. Ciniki suke yi? Rigima ce da aka daɗe ana ƙullawa? Zaman makoki ne na wani karakta da ya mutu? Mutanen nan wataƙila sun kwashe mako suna gina abin da ka tarar, kai kuwa yanzu ka sauka daga mota.

Sannan ka tambayi kanka dalilin da zai sa karaktanka ya sa baki. In ɗan sanda ya tsayar da wani a Ƙofar Kade, me mutane ke yi? Wasu su wuce, wasu su tsaya kallo, wani dattijo ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya? Wanga yaro maƙwabcina ne." Ba mai hawa kan motar 'yan sanda yana rawa. To zaɓi ɗaya daga cikin waɗancan. Kuma ka shiga ta hanyar da za su iya karɓarka ko su sallame ka cikin sauƙi: tambayar hanya, tayin taimako, gaisuwa. In ɗan sandan ya ce ka matsa baya, ka matsa. Ladabin da aka koya mana na neman izini sau uku, in ba a amsa ba a juya, yana aiki a nan daidai. Ka gwada, ba su kula ka ba, to ba raini ba ne dole. Labarin ne ba shi da gurbinka yau.

Tsofaffin 'yan wasa ma ina da magana da ku, don rabin laifin naku ne. Wanda ya zauna a gaban banki ko a gidan mai yana wasa ya yarda ke nan a katse shi. In sirri kuke so, ku shiga gida ku rufe ƙofa. Baƙo ya yi muku sallama ku yi kamar bango ya yi magana, gobe ya dawo da bindiga don a lura da shi, sannan ku ce sababbi ba su da tarbiyya. Amsa ɗaya ta isa: "Malam, yanzu muna cikin magana, same ni a gareji anjima."

Na buge mutum da mota kawai, sai aka kore ni. Ba GTA ba ne?

GTA ne, amma ba irin wanda ka saba bugawa kai kaɗai a gidan gem ba. Can mutanen titi kwamfuta ce ke tafiyar da su. Nan kowane mutum ne da ya sayi data da kuɗinsa. Kashe wani ba tare da wani dalili na labari ba shi ake kira RDM, yin haka da mota kuma VDM, kuma su biyun ne suka fi korar sababbi a ranar farko.

Ba a hana faɗa ba. Ana so ne ya kasance da asali, kuma wanda za a kai wa hari ya san an fara: an yi cacar baki, an yi gargaɗi, an ce ya ɗaga hannu ya ƙi. In kuskure ne ka taka wani, kada ka gudu don kunya. Tsaya, fito, kira motar asibiti, ba da haƙuri a bakin karakta. Hatsari irin wannan sau da yawa shi ke zama farkon sanayya.

An ɗora mini bindiga a ka. Dole ne in ji tsoro, alhali na san zan farfaɗo?

Dole ne. Dokar tana cewa karakta ya ɗauki ransa da daraja kamar guda ɗaya gare shi. Mutum uku sun zagaye ka da bindigogi, ba ka zaro taka, ba ka yi musu dariya, ba ka ce "harbe ni mana". Kai ka san za ka tashi a asibiti, karaktanka bai sani ba.

Na lura wannan dokar ce ta fi yi wa yaranmu ɗaci, don mun taso da cewa namiji ba ya nuna tsoro, kuma mun zo daga gem da faɗuwa a cikinsa abin kunya ne. Amma duba ta ɗaya gefen. In kowa jarumi ne da ba ya rusunawa, ɓarawo ba shi da wanda zai yi wa fashi, ɗan sanda ba shi da mai kawo ƙara, likita ba shi da majinyaci, alƙali ya zauna yana hamma. Wanda aka yi wa fashi ya yi rawar murya, ya roƙa a bar masa kuɗin mota, ya je ofishin 'yan sanda yana haki, ya ba mutum biyar aikin yi a dare ɗaya. Irinsa ake nema a sake wasa da shi. Shi kuma mai fashin, ladabinsa kada ya tsiyata mutum ƙarƙaf, kuma ya ba shi abin wasa, ba "kawo, kawo" kawai ba.

Mene ne amfanin /me da /do, kuma me ya sa aka ce ina tilasta wa mutane?

Da /me kake rubuta abin da karaktanka ke yi wanda gem ba zai iya nunawa ba, kamar share gumi ko laluba aljihu. Da /do kake bayyana yanayi ko tambayar abin da ido zai gani: akwai jini a rigarsa? Kuskuren shi ne ka rubuta sakamakon a madadin wani. In ka rubuta ka mare shi ya faɗi sumamme, ka yi wasanka ka yi nasa. Rubuta ka kai masa mari, ka tsaya. Shi zai ce ya same shi ko ya goce.

Amanar kuwa ta juyo kansa. In kullum gocewa yake yi, ba abin da ke taɓa shi, shi ma ya shiga laifi iri ɗaya. Haka in an caje ka aka tambaya ta /do ko akwai wuƙa a jikinka, gaskiya za ka faɗa, don /do ba bakin karakta ba ne. Karakta na iya ƙarya yadda ya ga dama, /do ba ya yi.

Ni da abokina muna ɗaki ɗaya. Laifi ne in faɗa masa inda aka kai ni?

Laifi ne, kuma shi ne laifin da ya fi yawa a wurinmu saboda yadda muke wasa: mutum huɗu a tabarma ɗaya, an jona wayoyi a soket ɗaya, kowa na leƙen allon kowa. Ƙa'idar ita ce karakta ba ya aiki da abin da bai ji ko ya gani a cikin gari ba. Abin da ka ji ta WhatsApp, ko Discord (manhajar hira ta 'yan gem), ko ka gani a allon na kusa da kai, ko a bidiyon kai tsaye na wani a TikTok ko Twitch, kai ka sani, shi bai sani ba. Har sunan da ke yawo a saman kan mutum a wasu sabobin, ba ka kiran shi da shi sai ya faɗa maka da bakinsa.

In an sace ka an karɓe wayar karakta, to abokinka sai dai ya yi nema irin na wanda bai sani ba, ko da yana jin numfashinka a gefensa. Masu kula da gari ba wawaye ba ne. Mota ta taso daga ƙarshen taswira ta zo daidai ƙofar da aka ɓoye ka ba tare da kira ko ɗaya ba, sun san yadda aka yi.

Ana tsakiyar kama ni aka ɗauke wuta. Yanzu ana cewa guduwa na yi. Yaya zan yi?

Fita daga gem don tsere wa kamu ko fashi babban laifi ne a kowace saba, kuma daga can ɓangaren ba a iya bambanta wanda ya gudu da wanda wutarsa ta tafi. Baturen da ke zaune a Jamus bai san abin da ake nufi da a ɗauke wuta sau uku kafin Isha ba. Bai san zafin Afrilu a Sakkwato ba, lokacin da ake haura digiri 40, waya ta yi zafi kamar dutsen guga ta rufe gem da kanta. Don haka nauyin bayani a kanka yake. Nan take ka kunna datar wata waya ka rubuta a Discord na garin cewa ka faɗi, kana dawowa. In ka dawo, koma daidai inda aka tsaya, ka miƙa hannu a sa maka ankwa. In ba za ka iya dawowa ba a daren, nemi mutumin ku sa lokaci gobe. Wanda ya dawo ya karɓi hukuncinsa, ba a sake zarginsa.

Sauran kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Caji ya yi ƙasa, ko data ta kusa ƙarewa, ba lokacin fashin banki ba ne. Yi aikin tasi, ko ka zauna hira. Kuma tunda yawancin sabobin a Turai ko Amurka suke, motsinka na isa a makare. Kada ka matse wa motar gaba, don abin da kake gani tazara ce, a allonsa karo ne.

Lokacin sallah ya yi ina tsakiyar wasa. Ya ake fita ba a ɓata wa kowa ba?

Sallah ba ta jiran gem, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Dabarar ita ce lissafi tun kafin a kira. Agogonmu ɗaya ne da na Jamus da Faransa a lokacin sanyinsu, ɗaya da na Ingila a lokacin zafinsu, don haka sa'ar da garuruwan Turai suka fi cika tana faɗawa kan Magariba da Isha. Saura minti goma sha biyar a kira, kada ka fara abin da ka san zai ci awa. In kana cikin hira ce, ka faɗa a bakin karakta cewa za ka shiga masallaci, ka kai shi wurin da ba zai tare hanya ba, ka sauka. Kada ka bar shi tsaye a tsakiyar titi kamar turke. In kuwa kamu ne ya rutsa da kai, yi abin da aka faɗa a amsar ɗauke wuta: layi ɗaya na OOC, da lokacin da za ka dawo. Ban taɓa ganin an ƙi jira ba in an faɗa da wuri.

Zan iya yin Hausa a garin da ake Turanci?

Duba dokarsu. Sabobi da yawa sun ce Turanci kawai a bainar jama'a, kuma ba ƙiyayya ba ce: mai kula ba zai iya hukunta zagin da ba ya ji ba. Inda aka yarda, to ladabin zaman majalisa ne. Ku biyu kuna tare da mutum na uku da ba ya ji, kuka juya harshe kuna dariya, ko ba shi kuke yi wa ba ya ɗauka shi ne. Amma karakta Bahaushe da ke jefa "wallahi" da "sannu" da "madalla" a cikin Turancinsa, wannan ado ne, kuma yakan fi karaktan da ke kwaikwayon muryar Amurka da bai iya ba. Kada ka ji kunyar harshenka. A garuruwan 'yan Najeriya kuwa, inda Bakano zai ji ka ce "mi kaka so" ya fashe da dariya, mayar masa da martani ka wuce.

Abin da ya fi harshe damun mutane shi ne makirfo. Sa shi a tsarin da sai ka danna yake buɗewa. In ba haka ba duk garin na jin janareto, da kukan akuya, da Inna tana kiranka ka je awo.

Karaktana ɗan daba ne. Ba zan yi zagi ba ke nan?

Karakta na iya zama mugu, mai baƙar magana, mai tsoratarwa. Amma akwai layin da "ai IC ne" ba ya wankewa: ɓatanci ga addini, kowane addini, da zagin ƙabila ko launin fata, da yi wa nakasa dariya. Waɗannan ba su tsayawa a kan karakta, kai tsaye suke wucewa su sami mai riƙe da waya. A tsakaninmu zan ƙara da zagin uwa. Bature na iya jin sa kamar iska, amma ka ɗura wa Basakkwace ashar ta uwa ka ce wasa ne, ka ga ko zai tuna da wani IC. Mugun da ya iya aikinsa ma ba ya bukatar ashar. Murya ƙasa-ƙasa da "ina gaishe da mutanen gida, na san layinku" ta fi tayar da hankali, matuƙar gidan karakta ake nufi.

Wasu kan kawo hujjar barkwanci. Gaskiya ne Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, suna faɗa wa juna abin da in wani ne sai an raba faɗa. Amma wasan yana tafiya ne don duka biyun sun gaji shi, sun san iyakarsa. Baƙon da ka haɗu da shi minti biyar da suka wuce bai ƙulla wannan da kai ba. Sai kuma sunaye: kada ka sa wa karakta sunan wani mutum na gaske, malami ne, gwamna ne, ko basarake. Sarautar Sarkin Musulmi ba abin sa wa ɓarawon mota ba ce. In sarauta kake sha'awa, ƙirƙiri taka.

Fashi da garkuwa da mutane fa? Na ga kowa na yi.

Ana yi, kuma a GTA RP kusan ba a fashin banki sai da wanda aka riƙe. Dokar gem ta yarda. Amma mu a nan kalmar garkuwa ba daga fim muka san ta ba. Mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah suna cikin Sakkwato, wasunsu suna cikin gem ɗin da kake bugawa. Wani dare muna wasa aka riƙe wani yaro, masu riƙon suka shiga kwaikwayon waya ta neman kuɗin fansa, da irin lafazin da duk muka sani daga sautukan da ke yawo. Yaron ya yi tsit, can ya sauka. Sai bayan kwana biyu muka ji kawunsa na daji a lokacin. Ba wanda ya karya doka ko ɗaya a daren, kuma ba wanda ya ji daɗin kansa.

Tun daga nan abin da nake faɗa wa masu wasan laifi shi ne: riƙe mutum na minti goma a banki daban, doguwar garkuwa da azabtarwa daban. Na biyun sai ka tambaya ta OOC tukuna, sabobi da yawa ma sun wajabta hakan. Wanda ya ce a'a ba ya bin ka bayani. Kada ka ɗauki sunan wani ɗan bindiga na gaske, kada ka kwaikwayi harin da ya faru. Kuma ko an amince, in ka ji muryar mutum ta canja, sassauta, ba shi ƙofar tsira a cikin labarin.

Mace ta shigo gari. Laifi ne in neme ta?

Karakta na iya neman karakta in ita ta ga dama, har aure ana ɗaurawa a wasu garuruwan. Amma auren gem ba zance ba ne, bai ba ka izinin neman lambarta ko hotonta ko unguwarsu ba. Koma ka karanta amsar IC da OOC. Abin da ke faruwa kullum shi ne mace ta yi magana sau ɗaya, motoci shida su tsaya. Shi ya sa 'yan mata da yawa, har da na nan Sakkwato, suke wasa da karakta namiji ba sa buɗe makirfo. Ta zo yin aikin likita ko lauya ne, yi mata wasan majinyaci ko mai ƙara. Ta ce a'a sau ɗaya, an gama. Bin ta daga wuri zuwa wuri tsangwama ce da ake kora a kanta, in kuma ta kai ga barazana a waje, dokar laifukan intanet ta 2015 na nan.

Ka kuma tuna ba ka san shekarun kowa ba. GTA V na 'yan 18 zuwa sama ne, Discord daga 13, Roblox kuwa cike yake da yaran firamare. A Brookhaven ka ɗauka duk wanda ke gabanka ƙaninka ne ko ƙanwarka, ka bar zancen soyayya gaba ɗaya.

Wani ya karya doka a kaina. In tsayar da wasa in faɗa masa?

A'a. Ƙarasa wasan kamar ba a yi ba, sannan ka kai ƙara ta hanyar da garin ya tanada. Tsayawa a tsakiyar titi kana ihun "RDM ne, admin!" laifi ne na biyu, kuma ya ɓata wa mutum goma da ba ruwansu. Banda abin da ya shafi tsangwama ko ɓatancin da aka ambata a sama. Wannan kana da damar fita nan take.

Ƙara ba hujja maganar fatar baki ce, don haka saba da ɗaukar bidiyon allo, kuma ka haɗa da abin da ya faru kafin rigimar, ba daƙiƙa goman da suka yi maka daɗi kawai ba. Rubuta abin da ya faru da lokacinsa, ba tare da zagi ba. Yawancin masu kula ɗin nan sa kai suke yi, ba a biyansu. Kafin ma ka kai ƙara, in ka ga sabo ne, gwada yi masa magana a gefe. Sau da yawa bai karanta dokar ba ne. In kai aka kora, ba da haƙuri a taƙaice ya fi dogon musu saurin buɗe ƙofa. Buɗe sabon akawun don ka zagaye hukunci kuwa yakan mayar da korar kwana uku ta zama ta har abada.

Na farfaɗo a asibiti. Zan iya komawa in rama?

A yawancin garuruwa, in har mutuwa ka yi ka sake tashi, karakta ya manta abin da ya kai shi ga mutuwar, kuma ba ya komawa wurin sai bayan wani lokaci da dokar garin ta ƙayyade. In likitoci ne suka ɗauke ka da rai, galibi kana tunawa. Ramuwa da abin da ya kamata a ce ka manta daidai take da leƙen allon aboki.

Ba na son zama ɗan sanda ko ɓarawo. Akwai abin da ya rage mini?

Akwai, kuma shi ne gari ya fi rashi. Kowa na son bindiga, ba mai son tura baro. Makanike, mai gadi, ɗan jarida, dillalin motoci, ɗan kabu-kabu da ya san kowane lungu kuma ba ya rufe baki. Irin waɗannan ba sa bukatar netwok mai ƙarfi ko hannu mai sauri, abin da ya dace da halin da muke ciki.

Karaktan da na fi daɗewa da shi mai shayi ne. Gem ɗin ba shi da teburin shayi, sai na ajiye tsohuwar mota kusa da ofishin 'yan sanda, komai da /me nake yi: fasa ƙwai, yanka burodi, ɗaga kofi sama ina zubawa. Makon farko ba wanda ya tsaya. A na biyu wani ɗan sanda Bature ya tambaye ni mene ne "kauri", na yi masa bayani, ya dawo da abokan aikinsa. Daga baya ɓarayi ma suka riƙa zuwa don su ji abin da 'yan sanda ke cewa, 'yan sanda na zuwa don su ga su wa ke zuwa, ni kuwa ina tsakiya ina rubuta bashi a littafi. Har yau akwai wani sajan da nake bi kuɗin shayi bakwai da ƙwai biyu-biyu.